Murhun da Alhaji Nu'uman Ya Ƙera

Hadijatu mai ƙosai ba ta da gona, ba ta da ko akuya, miji kuwa ƙasa ta rufe masa ido tun autanta yana goye. Abin da ta mallaka a duniya shi ne hannunta na dama. Da shi take surfa wake, da shi take buga ƙullu har ya tashi, da shi take juya ƙosai a bakin hanyar tashar Zango, kuma abin da hannun nan ya samo shi marayunta suke ci. To, wannan labarin hannun nan ne. Amma sai an fara shiga gidan da ke jikin katangarta, gidan Alhaji Nu'uman, don daga can masifar ta tsallako.

Matar gidan, Hajiya Haulatu, ba kowa ne ya san sunanta na yanka ba. Maiturare ake ce mata. Turaren wuta da humra take haɗawa, kuma daga Zango zuwa Baure har cikin Daura, in aka yi jeren amarya babu kwalbarta, uwar amarya sai ta ji kamar an yi mata gori. Allah ya ba ta hanci. Miyar da za ta lalace gobe, yau za ta ce a ɗumama. Ɓera ya mutu a rumbun maƙwabta, ita za ta aika a gaya musu. Ga ta da ƙyanƙyami na bugawa a jarida, irin matar da baƙo zai sha ruwa a moɗarta, yana juya baya ta bi moɗar da toka.

Shi Alhaji Nu'uman ya yi ritaya ne daga sashen gona na ƙaramar hukuma a shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da gemu ya yi kasuwa, wando ya ɗage sama. Sa'o'insa da suka ajiye aiki kowa ya kama abin da ya dace da furfurarsa. Wani ya sa kaji, wani ya koma ɗaukar karatu a zaure, wani ya rungumi rediyo a gindin darbejiya. Shi kuwa wata safiya, yana kurɓar koko, ya ce ƙira zai fara.

"Ƙira kuma, Alhaji? Wace irin ƙira?" in ji Haulatu.

"Ta ƙarfe mana. Da wata ce?"

"Kai da kakanninka kaf malamai ne? Wa ka gada?"

"Sha'awa ce, Hajiya, ba don ci ba. Tun ina yaro nake son ta. Har bulala na sha wurin Malam a kan zaman maƙera. Yanzu Malam ya koma ga Allah, gwamnati ta sallame ni, me zai hana ni?"

"Kunya," ta ce. Ya yi kamar da kokon take magana.

Kafin a ce me, ya shiga Daura wurin Chukwuemeka mai kayan mota, ya dawo da tsofaffin sifirin da suka yi tsatsa. Ya sayo masaba ta dukan ƙarfe da awartakin kama shi. Ya sa aka turo masa wani guntun injin tarakta a kura, ya kafa shi a rumfar bayan gida, ya ce wannan ce uwar maƙera, a kanta za a riƙa dukan aiki. Maƙeran garin, da suka gama dariyarsu, suka ce ya zo su sayar masa da zugazugi ɗinkakke, wato jakar fatar da ake hura wuta da ita. Ina! Alhaji ya ce ai shi daga tushe zai faro, yadda mutanen dauri suka yi. Da hannunsa zai jeme fatar.

A nan Haulatu ta san ta shiga uku. Fatar bunsuru ya samo, ɗanya shar, ya tsoma ta cikin ruwan toka a tsohuwar randa. Wani ya gaya masa majema da kashin kaji suke sa fata ta yi laushi, sai ga Alhaji da kwano yana bin akurkin mutane yana yasa. Ya zuba, ya dama da itace, ya rufe da faifai, ya tafi masallaci abinsa. Wanda ya gaya masa kashin kaji bai gaya masa ranar cirewa ba. Rana ta yi ta dukan randar nan, har faifan ya fara motsi da kansa saboda abin da ke ƙasansa. Kai, tir! Ƙudajen Zango kaf suka yi ƙaura zuwa gidan. Wari ya shiga labule, ya shiga katifa, ya shiga tuwo. Haulatu ta banka turare kasko bayan kasko, amma sai abin ya zama kamar an fesa wa mushe humra. Ta toshe hanci da gefen mayafi ta same shi a rumfa.

"Alhaji, don girman Allah ka fitar da ƙazantar nan. Sandal ɗina ya fara ɗaukar wari. Amarya zan ba wannan?"

"Haƙuri za ki yi. Kowace sana'a da warinta."

"Ai ka ce ba sana'a ba ce."

"To kowace sha'awa," ya ce, yana tsamo fatar da hannu, tsutsotsi na zubowa kan takalminsa. Ranar ko tuwon dare ba ta iya kai wa baki ba.

A haka dai aka ɗinke zugazugin, yana hura wuta yana huro ɗoyi. Alhaji ya zauna dirshan a ƙasa, ƙafa ɗaya miƙe, yana zuga yana duka, ƙwal, ƙwal, ƙwal, daga hantsi har la'asar. Gawayin turarenta ya fara ƙarewa ba ta san inda yake zuwa ba, sai da ta gan shi a ramin wutarsa. Wuƙar farko da ya ƙera ko kuɓewa ba ta yankawa. Fartanyar da ta biyo baya, manomin da aka ba ya yi godiya ya rataye ta a ɗaki. Tartsatsi ya cinye masa gefen gemu, ya riƙa yawo da ƙaurin kan akuya. Rigunan da Haulatu take turarawa kowace Juma'a tun tana amarya suka koma huji-huji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, ta sha faɗa masa, amma mutumin da ya jira abu tun yana yaro ba ya jin karin magana.

Duk wannan da sauƙi, don ƙazanta ce da sabulu ke fitarwa. Abin ya ɓaci ne daga ranar da 'yan majalisar hirarsu suka fara tsokanarsa da Sarkin Maƙera, shi kuma ya fara amsawa.

A ƙasar nan kowa ya san wuta ta maƙeri ce. Wanda ya ƙone, tun kaka da kakanni, maƙera ake kai shi a yi masa tofi, don su suka gaji sirrinta. To wata rana matar wani ta taɓa tukunya da yatsa, ta ce maimakon ta tafi har unguwar maƙera, ga maƙeri a kusa. Haulatu tana tsakar gida tana jira ta ji ya ce shi ɗan koyo ne. Sai ta ji shiru. Ta leƙa, ta ga ya kama yatsan matar mutane, ya lumshe ido, ya motsa baki, ya tofa masa yawu ja wur da goro. Ƙunar da ko an bar ta za ta warke, ta warke, labari ya zaga gari.

"Alhaji, wa ya ba ka?" ta tambaye shi bayan la'asar. "Su gado suka yi. Kai fa?"

"Su ai tsafe-tsafe ne a cikin nasu, kuma yanzu an daina wannan. Ni ayoyi nake karantawa. Nawa ma ya fi tsarki."

Mata suka fara sallama da 'yan ƙananan ƙune-ƙune, ta ruwan zafi, ta garwashi, ta salansar babur. Ya ƙirƙiro magani nasa na kansa. Kashin maƙera, wato dunƙulen dattin da ƙarfe ke bari a ramin wuta, shi yake dakawa ya kwaɓa da ruwan kwatarniyar da yake tsoma jan ƙarfe, ruwan da tunda aka zuba ba a sauya ba, kaji na sha, ƙadangaru na faɗawa. Haulatu in ta gani sai ta kau da kai. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: hanyar rumfar Alhaji ta ƙofar ɗakinta ta bi, kuma mace ba ta wuce ƙamshi ba ta tsaya ba. Masu zuwa tofi suka zama masu sayen turare. Ban da haka, mutumin da ya yi ritaya ya zama kamar tsohon buhu, ga shi yanzu ana durƙusa masa. Sai ta ja bakinta ta tsuke, ta ce rufin asirin miji ai ibada ne.

Ana nan Alhaji ya ƙera murhu. Zobe ne na ƙarfe da ƙafa uku, ya haɗa su da ƙusa, ɗaya ƙafar ta ɗan fi sauran gajarta. Ya ɗauka da kansa ya kai wa Hadijatu sadaka, ya ce ta huta da duwatsu. Duwatsun nan uku kuwa tun zamanin uwarta suke riƙe kasko, ba su taɓa ko gezau ba. Hadijatu ta leƙo wurin Haulatu da yamma, tana murza gefen zane.

"Hajiya, murhun nan na Baba Alhaji kamar yana ɗan rawa."

"To ki ajiye shi mana."

"Ai kullum ta wurina yake wucewa masallaci, yana dubawa. Babba ya yi maka kyauta, ka jingine? Da wane ido?"

Haulatu ta buɗe baki za ta ce ita za ta yi masa magana, sai ta tuna yadda ya yi ta zagaya murhun nan yana shafawa kamar ɗan fari. Ta ce, "Ki sa masa ɗan dutse a ƙasan gajeriyar ƙafar."

Ranar Lahadi da safe abin ya faru. Wuta ta gasa ƙusar har ta saki, ƙafar ta baje, kasko ya kife. Hadijatu ta kai hannu don ta tare, ka san mai neman abinci man take gani kafin kanta. Tafasasshen mai ya wanke hannun daga yatsu har gwiwa. Da wata rana ce, Adaolisa mai kantin magani da ke tsallaken titi, wadda ta yi aikin jinya kafin ta buɗe kanti, kuma ba ta karya kumallo sai da ƙosan Hadijatu, ita za ta fara isowa. To Lahadi ce, tana coci. Mutanen tasha suka kwashi Hadijatu suka yi gidan maƙeri mafi kusa da ita.

Haulatu ta ga hannun da idonta. Fatar ta saɓule kamar ta dafaffen tumatir. Ta ce, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin tofi. A nemi mota a kai ta Daura."

"Hajiya, koma ciki," ya ce, bai ko dube ta ba. Jama'a sun cika rumfa, idonsa ya yi wani irin haske da ba ta taɓa gani ba. Ya tofa, ya sake tofawa, ya damo baƙin kwaɓinsa ya shafe hannun kaf, Hadijatu na ihu tana kiran sunan Allah. Ya yage tsohon zane ya naɗe. Sannan ya kafa mata sharaɗi, wanda Haulatu ta rantse a nan take ya ƙirƙiro shi: kada a kwance, kada ruwa ya taɓa, kada allurar asibiti ta shiga jikinta, don ƙarfen wani ba ya shiga aikin maƙeri.

Da aka watse, wani ya kawo karyayyen murhun ya jingine a ƙofar gida. Haulatu ta dube shi. In ya kwana a nan, duk mai wucewa zai tambaya, a ce ai ƙirar Alhaji ce. Ta sa tsumma ta ɗauke shi, ta cusa bayan rumbu, ta jawo kara ta rufe.

Kwanaki suka shuɗe ba a jin ƙamshin ƙosai a unguwa. Haulatu tana aika tuwo, amma ba ta shiga ba. Ta gaya wa kanta aiki ne ya yi mata yawa. Sai wata la'asar Hadijatu ta yi sallama, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta ƙaraso ba, hannun na cikin hijabi. Ta rame, leɓenta ya bushe.

"Hajiya, ko za ki taimaka mini da ɗan turare? Mai ƙarfi. Ɗakin ne ya ɗan yi... kin san zafi."

Tun kafin ta rufe baki hancin Haulatu ya riga ya ba ta labari. Can ƙasa da warin gumi da na tsohon mai akwai wani abu mai zaƙi-zaƙi, mai nauyi, ɗan'uwan abin da ya fito daga randar jima. Matar da ke jin mushen ɓera a rumbun wani, a ce ba ta gane wannan ba? Ta gane sarai. Ta kuma gane abin da zai biyo baya in ta ce a kwance: mota, asibiti, tambaya, wa ya shafa wannan, wa ya ƙera murhun, sunan Alhaji a bakin 'yan tasha. Ta shiga ɗaki ta ɗauko haɗinta na manyan amare, mai sandal da farce da kajiji, wanda in aka turara ɗaki sai ya yi mako yana tashi. Ta haɗa mata da kwalbar humra.

"Ki riƙa shafawa a kan tsumman," ta ce. "Alhaji ya ce yaushe za a kwance?"

"Ya ce wari alamar wutar tana fita ne."

"To Allah ya sawwaƙe."

"Amin, Hajiya. Allah ya bar zumunci."

Hadijatu na fita Haulatu ta wanke hannu, ta sake wankewa, alhali ba ta taɓa komai ba.

Juma'a ta zagayo, tana turara rigar Alhaji a kan kwando, sai iska ta kaɗo daga katangar Hadijatu. Turarenta ne, ba ta ɓata shi, amma an banka shi kamar ana ƙona bola. Kuma abin da ke ƙasansa yanzu ya fi ƙarfinsa. Ta saki rigar a kan kwandon, ta zari mayafi.

Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi, ƙudaje na bin bango. Hadijatu na kwance a tabarma, jikinta kamar garwashi, tana sambatun a sauke mai kada ya ƙone. Tsumman ya jiƙe ya yi kore-kore, yatsun da suka leƙo ta ƙasa sun yi baƙi sun kumbura. Haulatu ta fito da baya, ta dafa katanga, ta amayar da duk abin da ke cikinta. Ta goge baki ta nufi rumfa.

"Alhaji, zan kai Hadijatu Daura."

Ya ɗago daga zuga. "Ki karya mini sharaɗi? Saura kaɗan fa. In allura ta taɓa ta, babu ruwana."

"Hannun ya ruɓe."

"Ke likita ce? Ban yarda ki fita ba."

Tunda aka kawo ta gidan nan, in ya hana ta fita ba ta taɓa taka ko zaure ba. Ta dube shi, gemu rabi a ƙone, baki ja da goro, zaune cikin toka yana matsa fatar bunsuru. Ba fushi ta ji ba. Abin da ta ji shi ne abin da take ji in ta ga gashi a miya. Ta juya ta fita.

A mota fasinjoji suka yi ta tsaki suna leƙa kai ta taga, wata mata ta ce a sauke ta ita dai ko a daji ne. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta jiƙa tsumman tana ɓamɓarowa a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ke ciki ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci, ya isa a ce akwai masu rai a ciki suna motsi. Likitan, wani mai furfura, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dubi Haulatu.

"Hajiya, ke ce 'yar'uwarta?"

"Maƙwabciya ce."

"Ƙunar da farko ba ta kai ta rasa hannu ba. Ko da ya fara wari aka kawo ta, da mun yi ƙoƙari. Yanzu in ba a cire ba, ita za a rasa." Ya cire safar hannu ya jefa a bokiti. "Abin da ya ba ni mamaki, duk unguwarku ba mai hanci? Wannan ai daga titi ya kamata a ji shi."



Aka yanke daga ƙasan gwiwa. A shekarun nan, ko ɓarawon da aka kama da saniya a hannu, sai alƙali ya nemi shaidu, a yi ta kai da kawowa, kafin a zo maganar hannunsa. Hadijatu kuwa ko allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. Kyauta aka yi mata ta karɓa, shi ke nan laifinta.

Da Haulatu ta koma Zango ɗauko kayan jinya, tun daga bakin lungu ta ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ta tsaya a bakin rumfa ta gaya masa. Ya ajiye masaba, ya yi salati, ya girgiza kai.

"Allahu akbar. Ƙaddara ta riga fata. Ai na faɗa, su likitocin nan ba su san komai ba sai yanka. Da an bar aikina ya ƙarasa..." Ya ɗago wani zoben ƙarfe da awartaki ya nuna mata. "Amma ba zan yi fushi ba. Kin ga wannan? Sabo nake yi mata. Ƙafa huɗu zan sa masa wannan karon, na gano inda kuskuren yake."

"Da wane hannun za ta soya?"

"Ai akwai na hagu," ya ce, ya mayar da zoben wuta.

Haulatu ta shiga ta dama kunu, ta zuba a kwanon sha, ta ɗaure zannuwa, ta koma tasha.

Ta sami Hadijatu ta farfaɗo, an jingina ta da matashi, dungulmin naɗe da farin bandeji a kan cinyarta. Haulatu ta zauna a bakin gado tana ba ta kunun da cokali, tana jiran zagi, ko kuka, ko a ce mata Allah ya isa. Wallahi da ta samu da ta ji sanyi. Sai Hadijatu ta haɗiye kunu, ta kamo gefen mayafinta da hannun hagu.

"Hajiya, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Bar wannan maganar, sha."

"A'a, bari in faɗa. Kin rufa mini asiri. Ni abin da na fi tsoro a ce ɗakina yana wari, yara su ji kunya a unguwa. Amma turaren nan naki, ba wanda ya ji komai. Washegarin da kika ba ni, Madam Adaolisa ta zo har gida da jakar magani, wai ta ji labari, sai ta ga ciwon. Na ce ai ya kusa warkewa, Baba Alhaji ya hana a buɗe. Ta tsaya a ƙofa tana shinshinawa, kin san ta da naci. Ta ce in da ya lalace da ta ji. Har tsokanata ta yi, wai ɗakina kamar na amarya. Ta ajiye mini ƙwayar zazzaɓi ta tafi."

Cokalin ya tsaya a hannun Haulatu.

"In kin koma," in ji Hadijatu, "ki taho mini da ko ɗan kaɗan ne. Warin asibitin nan ya ishe ni."

Haulatu ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ce tana zuwa. Ta bi baranda da sauri, ta zaga bayan ɗakin inda famfo yake, ta durƙusa. Babu abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci. Ƙamshin na nan tare da ita, a mayafi, a ɗankwali, a wuyan riga. Ta tuɓe mayafin ta yar a kan ciyawa. Wani guntun sabulun wanki na kan dakalin famfo, wanda Allah kaɗai ya san hannu nawa suka taɓa shi, ita da ko a moɗar da baƙo ya taɓa ba ta sha. Ta ɗauka ta cuɗa hannuwanta har gwiwa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa har fatar ta yi ja. Sannan ta kai tafin hannunta na dama hanci. Sandal ne da kajiji, sun riga sun zauna a fatar tun tana budurwa, kuma sabulun bai rage komai ba.